Faɗan da likitanku ya yi mana a shirin daren Talata

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Tun daren Talata nake juya maganganun likitan nan da kuka gayyato a shirinku na rediyo, har yau raina bai huce ba. Kusan rabin awa ya kwashe yana yi mana faɗa, wai mun mayar da Imajensi, wato sashen taimakon gaggawa na asibiti, wurin kai mura da ciwon kai da ƙaiƙayi, wai muna hana masu ciwon gaske samun gado. Mai gabatarwa kuma ba abin da yake cewa sai "ƙwarai kuwa, likita". Da aka zo kan tambayar da ta sa na bar abin da nake yi na kasa kunne, wato yaushe ne ya zama dole mutum ya sungumi mara lafiyarsa ya ruga asibiti, sai aka ce lokaci ya ƙure, aka sa talla.

To ni irin wannan faɗan ne ya jefa gidanmu cikin halin da muke ciki.

Da daminar shekaran bara na kai ɗana asibiti da tsakar dare, jikinsa ya yi zafi rau. Aka duba, aka ce zazzaɓi ne mai sauƙi, alhamdu lillahi. Amma kafin mu fito wata ma'aikaciya ta wanke ni tas a gaban jama'a, wai a kan wannan na taso su, ba zan iya jiran safiya ba? Na fito kamar wanda aka kama da kayan sata.

Da sanyin da ya biyo baya, Yayana da muke gida ɗaya ya dawo daga sallar magariba ya zauna a kan tabarma. Aka miƙa masa kofin ruwa, kofin ya suɓuce daga hannunsa na dama. Ya so ya yi magana, harshe ya karye, baki ya karkace gefe ɗaya. Matarsa ta ce iska ce. Wani dattijo maƙwabcinmu ya ce ai ya gan shi ya bi ta ƙarƙashin tsamiya da almuru. Aka yi tofi, aka turara hayaƙi, aka kawo rubutu aka ɗura masa, ya ƙware ya yi ta tari. Ni ne mai ɗan boko a gidan, ni ya kamata in ce a tare Keke Napep. Wallahi maganar ta zo har bakina, sai fuskar ma'aikaciyar nan ta faɗo mini. Na ce a bari gari ya waye, tunda yana numfashi kuma idonsa biyu.

Ƙarfe takwas na safe muka kai shi. Abu na farko da likita ya tambaye ni shi ne ƙarfe nawa abin ya fara. Da na ce tun magariba, sai ya ɗago ya dube ni, bai yi mini faɗa ba, Allah Ya saka masa. Ya zaunar da ni ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, kuma hawan jini ne ya daɗe yana cin Yaya ba mu sani ba. Ya ce ciwon iri biyu ne, ko gudan jini ya toshe jijiya a ƙwaƙwalwa, ko jijiyar ta fashe, kuma sai da hoton kai ake bambance su. Shi ya sa haɗari ne ɗan kemis ya ba irin wannan mutum asfirin da ka, don in fashewa ce ƙara zubar jinin zai yi. Ya ce akwai allurar da ke narkar da gudan jinin, amma ko a inda ake da ita, cikin awa huɗu da rabi na farko take amfani. Mu mun cinye awa goma sha uku. Rubutun da muka ɗura masa ma, ya ce mai wannan ciwo sau da yawa ba ya iya haɗiya daidai, ruwan huhu yake wucewa. Haka kuwa aka yi, sai da ciwon huhu ya hau kansa. Daga nan aka tura mu Katsina neman hoto, kusan kilomita 80, yana kwance a cinyata a bayan mota.

Yayana tela ne. Yau kekensa na can a shago ƙura ta rufe, 'ya'yansa shida sun dawo wuyana, in zai kira sunana sai ya yi ta kokawa da harshe. Na san komai da ƙaddara, ban kuma ce da mun je da wuri lalle da ya tashi garau ba. Amma an umarce mu da neman magani, ni kuwa kunya ta hana ni, kunyar da likitanku ya zo yana ƙara shuka wa dubban mutane ta rediyo.

Minti biyar sun ishe shi ya ce in baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe farat ɗaya, a kwantar da mutum ta gefe, kada a ba shi komai ta baki, a duba agogo, a tafi. Ya kamata ya ce mace in ta haihu jini ya ƙi tsayawa, cikin awa biyu yana iya gamawa da ita, kada a tsaya jiƙa saiwa. Ya kamata ya yi maganar mai ciki da ta fara jijjiga, da yaron da ke taune-taune ana cusa masa cokali a baki, da manomin da kububuwa ta sara ana tsaga wurin ana ɗaure ƙafa tamau. Waɗannan su ne suke kashe mu a Daura da Baure da Zango, kuma duk a gida ake kwana da su.

Na yarda ma'aikatan nan suna shan wahala, na kwana goma sha ɗaya a wurin, na ga nas ɗaya tana zarya tsakanin gadaje har asuba. Amma a can na ga cewa Imajensi ba layin wanda ya riga zuwa ake bi ba. Ana tantancewa, wanda ya fi jin jiki a fara da shi, mai mura ya jira ko a ce ya dawo da safe. To in haka ne, tantancewar aikinsu ce. Kada a ɗora ta a kan uwa da ɗanta ke hannunta ƙarfe biyun dare, wadda ba ta da ko abin auna zafin jiki.

Kuma me ya hana a gaya wa mutane haƙƙinsu? Da yawa tsoron "ku kawo kuɗi tukuna" ke zaunar da su. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa kowane asibiti ƙin karɓar wanda ke buƙatar taimakon gaggawa, ko da wane dalili. Dokar 2017 kuma ta ce a yi wa wanda aka harba magani ba sai da takardar 'yan sanda ba, abin da jiharmu ta fi kowa buƙatar ji. Ko lambar kiran gaggawa ta 112, ko 122 ta jami'an kiyaye haɗurra, ba a ambata ba.

Ku dawo da likitan, ko ku nemo wani, ku ba wannan tambaya shirin gaba ɗaya, kuma ku maimaita da safe lokacin da mata ke kusa da rediyo.

Sai kuma batun farashin hatsi da dabbobi na kasuwar Mai'adua da kuka saba karantawa. Mako uku ke nan kun cire shi kun cika wurin da gaishe-gaishen 'yan siyasa, ba ku ko yi mana bayani ba. Da shi nake sanin ranar da zan auno wa gida gero, yanzu da bakuna suka ƙaru a kaina. Don Allah ku mayar da shi.

Naku mai saurare,
daga cikin garin Daura.