Zuwa Ga Babana, Kan Baiti Na Biyu

Tudun Wada, Zariya

Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce in ja maka kunne kan wuni da yunwa a situdiyo, domin ta ga ramarka a hoton da ka turo. Ruwa ya sauka sosai a wannan makon, har katangar bayan gida ta ɗan zube, amma an ɗora ta.

Na zaɓi takarda a kan waya saboda na san halinka. A waya tun ban kai tsakiyar magana ba ka fara "to Baba, to Baba", ni kuwa wannan magana ina so ka ji ta har ƙarshe.

Na ji waƙar da kuke shirin saki bayan Sallah. Kada ka yi wa ƙanwarka faɗa. Tana saurara ne a tsakar gida na tsinci muryarka, na ce ta kawo wayar. Sau uku na maimaita ta. Ba zan ɓoye maka ba, ta yi daɗi, kuma baitin farko ya taɓa ni fiye da yadda na zata. Baiti na biyu ne ya hana ni barci. Ba ka kama suna ba, amma daga Tudun Wada har Kongo babu wanda ya san ku da ba zai gane cewa yarinyar da ke yi muku amshi kake nufi ba, wadda maganarku ta kusa zuwa gaban manya sannan ta ce ta fasa. Ka zana ta a matsayin mai sauya samari kamar gyale. Abokinka mai jita ma ka shafa masa nasa da gugar zana. Sannan na ji ka bar gurbi a amshi, ƙanwarka ta ce wurin muryar yarinyar ne, kuma har yanzu ba ta ji waƙar ba.

Akwai wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadona da kuka ɗauka takardun fansho ne. Faya-fayan garmaho ne a ciki, waɗanda na riƙa saya a Sabon Gari da kuɗin alawus lokacin da nake ɗalibi a Samaru. Kakanka, wanda ka ci sunansa, har ya koma ga Allah bai san da su ba. Saboda haka idan na yi maka maganar kiɗan rok, kada ka ɗauka tsoho ne ke sukar abin da bai sani ba.

A cikin akwatin akwai faifan wata ƙungiya mai suna Fleetwood Mac, wanda ya fito a 1977, sunansa Rumours, wato jita-jita. Su biyar ne, uku 'yan Ingila, biyu 'yan Amurka. A 1976 da suka shiga situdiyo a wani ƙaramin gari mai suna Sausalito a Kalifoniya, babu wanda gidansa ke zaune lafiya a cikinsu. John McVie da matarsa Christine aurensu ya mutu, ba sa magana sai ta aiki. Lindsey Buckingham da Stevie Nicks, waɗanda tare suka shigo ƙungiyar suna masoya, sun rabu. Shi ma mai ganga, Mick Fleetwood, nasa auren yana tangal-tangal. A haka suka riƙa haɗuwa kullum a ɗaki ɗaya, kowa na rubuta waƙa a kan ɗan'uwansa, sannan ya miƙa masa ya ce kaɗa.

Christine ta rubuta waƙar soyayya ga sabon saurayinta, mutumin da ke kula musu da fitilun dandamali. Don kada rigima ta tashi sai ta ce wa John a kan karenta ta yi waƙar, shi kuma ya ɗauki jitarsa ya kaɗa mata. Wannan abin dariya ne in ka so. Wanda ba na dariya ba shi ne na Buckingham. A waƙarsa "Go Your Own Way" ya saka layi guda da ke nuna cewa Nicks ba abin da take so sai zaman dadiro da maza. Ta ce masa ƙarya ne, kuma ya san ƙarya ne, ta roƙe shi ya cire. Ya ƙi. Waƙar ta karɓu, sai ya zama dole ta tsaya kusa da shi a gaban dubban mutane, shekara da shekaru, tana yi wa zagin kanta amshi. Daga baya ta faɗa da bakinta cewa duk lokacin da aka iso wannan layi a dandamali ji take kamar ta je ta kashe shi.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce ai Baba faifan nan ya sayar da fiye da kwafi miliyan 40, ya ci kyautar Grammy a 1978, ashe ke nan ciwon zuciya shi ke haifar da waƙa mai rai. Ban musa ba. Waƙar da ba ta fito daga abin da ya ci wa mutum rai ba, holoƙo ce, hadarin kaka. Amma ka duba abu biyu. Ita Nicks tana da nata alƙalamin. Ta mayar masa da martani a cikin faifan da waƙarta "Dreams", cikin sanyin murya ba tare da tozartawa ba, kuma tata ce ta kai lamba ɗaya a Amurka, tasa ba ta kai ba. Yarinyar nan taku ba ta rubuta waƙa. Kai ke da baki, ita amshi kawai aka ba ta. Na biyu, Zariya ba Kalifoniya ba ce. Can tsegumi talla ne, yana ƙara ciniki. Nan kuwa duk wanda ya fito neman aurenta sai danginsa sun shiga unguwa bincike, kuma ba a rasa wata gwaggo da za ta ce ai ita ce wadda aka yi wa waƙa. Kai ka huce ka manta, ita tana zaune a ɗakin uwarta tana biyan kuɗin baitinka. Ba sai na tuna maka abin da Suratun Nur ta ce kan jifan mata kamammu ba, ka karanta ta a gaban malaminku tun kana ƙarami. Su ma can ɗin ba su wanye lafiya ba: a 2018, bayan fiye da shekara 40, ƙungiyar ta sallami Buckingham.

Kuma tunda muna maganar gaskiya, ban ji baitin da ya ambaci watannin da ka tafi Kaduna ka daina ɗaga wayarta ba. Mahaifiyarka ta sani, ni ma na sani. Mai waƙa yana da wata dama mai haɗari, shi ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne alƙali, ga kiɗa mai daɗi yana taya shi.

Sai maganar abokinka. Yaron nan a gidan nan ya koyi cin tuwon dawa, tare kuka yi makarantar allo, tare aka yi muku kaciya. Ban san abin da ya haɗa ku ba, ko kuɗin wasa ne, ko zargin da kake yi masa kan yarinyar, kuma ba na son in ji daga bakin kowa sai naka. John Lennon da Paul McCartney tun suna samari suka haɗu a Libaful, a 1957. Da ƙungiyarsu ta Beatles ta watse a 1970 sai suka koma jifan juna da waƙa. McCartney ya fara da habaici a 1971, Lennon ya rama a shekarar da "How Do You Sleep?", zambo tsirara, yana nuna cewa abokin nasa bai tsinana komai ba a waƙa. Daga baya sun sassauto, suna gaisawa, suna waya. Sai ga shi a Disambar 1980 an harbe Lennon a ƙofar gidansa. McCartney ya yi masa waƙar kewa a 1982, amma waccan ta zagin tana nan, yaron da aka haifa jiya ma zai iya kunna ta a waya yau. Sulhun da suka yi a ɗaki suka yi shi, zagin kuwa a faifai yake.

Shi dai wannan McCartney ɗin, a 1968, lokacin da auren Lennon na farko ke mutuwa, ya tuƙa mota ya je duba matar da ɗanta Julian mai shekara biyar. A hanya ya fara haɗa waƙar lallashin yaron, ita ce ta zama "Hey Jude". Daga rikicin gidan abokin aiki ta fito ita ma, amma dubi inda ya juya bakin alƙalamin. Haka 'yan ƙungiyar Pink Floyd suka yi wa tsohon abokin kiɗansu Syd Barrett a 1975, bayan taɓin hankali ya raba shi da su. Waƙar girmamawa suka yi masa, alhali ya wahalar da su ba kaɗan ba.

Mu ma ba baƙin zambo ba ne. Makaɗan fada sun yi wa 'yan sarki masu jiran gado zambo har wasu suka daina fita da rana, kuma habaici a bakin mata wajen daka ya girmi garmaho. Amma makaɗi yana zambo ne ga abokin hamayyar ubangidansa, mutumin da ke waje. Ban taɓa jin wanda ya yi wa ɗan amshinsa zambo sannan ya juyo ya ce masa karɓa ba.

Bari in gaya maka abin da ban taɓa gaya wa mahaifiyarka ba. Muna makarantar kwana wani abokina ya ari kekena ya dawo da shi a karye, ya kuma ƙi ba ni haƙuri. Na zauna na shirya masa baiti huɗu, na laƙaba masa wani suna saboda yanayin tafiyarsa. Kafin mako ya zagayo duk makaranta ta ɗauka. Mun shirya da shi kafin hutu, mun yi zumunci na shekaru, har shi ya raka ni ɗaurin aurena. Sunan kuwa bai sake shi ba. Ya bi shi wurin aiki, ya bi shi gidan surukai. Ranar da ya rasu ina zaune a wurin zaman makoki wani ya iso yana tambayar wa aka rasa, aka faɗi sunansa na yanka bai gane ba, sai da aka faɗi wancan. A gaban 'ya'yansa. Ban iya ɗaga kai ba. Keken ko launinsa na manta.

Ban ce ka jefar da waƙar ba. Baitin farko naka ne, ciwonka ne, kana da iko da shi, kuma a nan ne ma ka fi ƙwarewa. Na biyun ka cire shi, ko ka sake shi ta yadda in an kunna a zauren mahaifinta kana zaune ba za ka nemi ƙofa ba. Kafin kowa ya ƙara ji, ka zaunar da su biyun ka kunna musu. In ta ce ba ta yarda ba, maganar ta ƙare, kada ka ce za ka nemo wata ta hau gurbin. Ka kuma karɓe ta daga wayar duk wanda ka tura wa. Ta ƙanwarka na sa ta goge a gabana, tana ta ƙunƙuni.

In Allah ya kai mu Sallah ka taho da abokin naka, mahaifiyarka ta ce rabonta da shi tun bikin yayarka. Zan fito da akwatin ku gani. Allurar garmahon ce ta lalace tun tuni, na zagaya Sabon Gari ban samu ba, ka duba mini a Kaduna wurin masu tsofaffin kayan rediyo.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare mana kai.

Mahaifinka