Wasiƙa zuwa ga Hadiza kan matan da suka riƙe alƙalami a Ingila

Assalamu alaikum, ƙawata Hadiza.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya zaman Kumasi? Saƙonki ya iso, kuma inda ya fi tsaya mini a rai shi ne inda kika ce kina tunanin ajiye rubutu, saboda hidimar gida da kuma surutun dangi tun da suka ga sunanki a bangon littafi. Shi ya sa nake son in ba ki labarin wasu marubuta mata na zamanin Sarauniya Victoria, wadda ta mulki Ingila daga 1837 zuwa 1901.

A 1837 wata budurwa mai suna Charlotte Brontë, ɗiyar limamin coci a ƙauyen Haworth, ta sami amsa daga Robert Southey, mawaƙin fada, wanda ta aika wa waƙoƙinta. Ya ce mata adabi ba zai zama sana'ar mace ba, bai ma kamata ya zama ba. Ta yi koyarwa, ta yi aikin rainon 'ya'yan masu kuɗi, amma ba ta daina rubutu ba. A 1846 ita da ƙannenta Emily da Anne suka buga waƙoƙinsu da kuɗin aljihunsu, suka ɓoye a bayan sunayen Currer da Ellis da Acton Bell don kada a gane mata ne. Kwafi biyu kacal aka saya. Shekara na zagayowa littafin labarin Charlotte mai suna Jane Eyre ya fito, Landan ta ɗauka. Sai a 1848 Charlotte da Anne suka je har ofishin mai buga littafin, George Smith, ya ga marubucin da yake ta wasiƙa da shi ashe mace ce. Duk abin da ta samu daga littafin fam 500 ne, haƙƙin mallaka kuma ya zama na kamfani. Don Allah, Hadiza, duk takardar da za a miƙo miki ki karanta ta sau biyu kafin ki sa hannu.

Batun suruton mutane kuwa, Elizabeth Gaskell ta sha shi. Matar limamin coci ce a Mancesta, ta rubuta littafin labarinta na farko bayan rasuwar ɗanta jariri. A 1853 ta fitar da labarin wata yarinya mai ɗinki da aka yaudara ta haihu ba aure, ta kuma rubuta shi da tausayi. Wasu daga cikin masu zuwa cocin mijinta suka ƙona littafin. Na san za ki tuna da 2007, lokacin da aka cinna wa littattafan Hausa wuta a Kano. Ita Mary Ann Evans, wadda duniya ta sani da George Eliot, nata ya fi tsanani, domin ta zauna da mutumin da ke da mata a hukumance. Yayanta Isaac ya yanke hulɗa da ita fiye da shekara 20. Ban yarda da hanyar da ta bi ba, amma na lura shi mutumin ana gayyatarsa gidajen manya, ita ce aka rufe wa ƙofa.

Ga kuma doka. Kafin 1870, abin da matar aure ta samu da guminta na mijinta ne. Caroline Norton ta rabu da mijinta, amma ya ci gaba da neman kuɗin littattafanta, doka kuma tana bayansa.

Wadda na fi son ki sani ita ce Margaret Oliphant, 'yar Sikotilan. Mijinta ya rasu a Roma a 1859, ya bar ta da yara biyu, da ciki, da bashi. Ba gado, ba mai tallafi, sai alƙalami. Da shi ta biya bashin, da shi ta sa 'ya'yanta maza a makarantar Eton mai tsada. Tana cikin haka ɗan'uwanta ya yi karayar arziki, ya taho da nasa yaran, ta haɗa ta riƙe, ga wani ɗan'uwan da shaye-shaye ya nakasa, shi ma ita ke ciyar da shi. Ta zama kamar uwar gida a babban gida, kowa kwanonsa a gabanta. Littattafan labari sama da 90 ta rubuta, ban da sharhi da tarihi da ta riƙa aika wa mujallar Blackwood shekara da shekaru. Yawanci a falo take rubutu, ana shiga ana fita, ko da dare bayan kowa ya kwanta.

Masu sharhi sun ce ta cika gaggawa, yawan rubutu ya rage mata inganci. Ita ma ta tambayi kanta, a tarihin rayuwarta, ko da ta fi haka in da an killace ta an ɗauke mata kowace ɗawainiya kamar George Eliot. Wannan tambaya tana sosa mini rai, domin babu wanda zai iya amsa mata. Ni dai ban yarda a raina matar da ta ciyar da gidaje uku da rubutu ba. Ta binne 'ya'yanta duka kafin ta rasu a 1897, kuma ko bayan mutuwar autanta a 1894 ta ci gaba da miƙa aiki ga masu buga littafi, saboda akwai sauran waɗanda ke ci a hannunta.

Ki gaishe mini da Abban Amira, da Inna idan kun yi waya. Mutanen Zariya duk suna gaishe ki.

Taki,
Maryam