Wasiƙa ga ɗana kan maganar sayar da gona

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗana, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da mai ɗakinka da yara kuna cikin ƙoshin lafiya. Mu nan sai godiyar Allah. Ƙafar mahaifiyarka ta yi sauƙi, har tana fitowa tsakar gida tana duba awakinta.

Ƙanenka ya kawo mini saƙonka, kuma na kwana da shi na tashi da shi. Abu biyu ka nema: ka sayar da gonar bakin ruwa da na yanka maka lokacin aurenka, ka cika kuɗi ka sayi fili a Kano, sannan idan ka yi gini ka ɗauke mu ni da mahaifiyarka mu koma wurinka. Na san ƙauna ce ta sa ka faɗi haka, Allah Ya yi maka albarka. Gonar taka ce halak malak, na ba ka a gaban shaidu, ba zan dawo in ce na fasa ba. Shawara ce zan ba ka, irin wadda uba yake bai wa ɗan da ya mallaki hankalin kansa.

Kada ka zaci ina ƙin zamanka a birni. Ni ma da ƙuruciyata na yi ci-rani a Kano, na yi dako a Kantin Kwari, na san daɗinta na san wuyarta. Kuma ba zan ɓoye maka abin da ƙauye ya rasa ba, don da idona na gani. Na ga an fito da mace mai naƙuda tsakar dare cikin damina, an ɗora ta a kan babur, mijinta a gaba, yayarta a baya tana tallafe da ita, laka har gwiwa, ana neman a kai bakin titi ko a samu mota. Wanda ya taɓa tsayawa riƙe da fitila a irin wannan dare ba zai zagi mai son zama kusa da Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano ba. Ga makarantar yara, ga aikinka da ka sha wuyar karatu kafin ka samu. Ka zauna a Kano, ka nemi halak ɗinka, da yardata da addu'ata.

Gonar ce nake roƙonka ka bari.

Kai ka taso ka tarar da ruwa yana gudu a magudana da rani, shi ya sa kake ganin haka duniya take. Mu mun san wurin nan tun kafin nan. Da an gama kaka, an sa hatsi a rumbu, sai garin ya watse, maza su bazama ci-rani, a bar tsofaffi da mata da yara. Fārin 1973 ya same mu a haka, kuma har yau akwai gidajen da ba su dawo ba. Sai da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin da aka yi zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka jawo ruwa zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, sannan mutum ya iya noma shinkafa da damina, ya juyo da rani ya sa alkama ko tumatir ko albasa. Gonar da ruwan nan yake kaiwa gare ta ƙidayayya ce, ba a ƙara ta kamar yadda ake yanka sababbin filaye a gefen birni duk shekara. Waɗanda suka sayar da tasu a garin nan na san su ɗaya bayan ɗaya, kuma ban ga wanda ya iya sayo ta ba. Wasu yau ƙwadago suke yi a gonar da ubanninsu suka bar musu.

Ka kuma dubi yadda albashi yake tafiya a hannunka. Kafin wata ya raba, mai gida ya karɓi nasa, mai garuwa ya karɓa, mai gawayi ya karɓa, ɗan adaidaita-sahu kullum sai ya karɓa, safe da yamma. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, kai da bakinka ka ce mini kuɗin mota ya cinye abin da kake ajiyewa. Ka tuna kullen korona na 2020, da aka rufe Kano, kasuwa ba shiga, mutane da kuɗi a aljihu ba inda za su sayi awo? Ka tuna farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da magidanta suka wuni a layin banki? Shinkafa da geron da suka riƙe gidanka a waɗannan lokuta daga wannan gonar suka fito. Ba gori nake yi maka ba, haƙƙinka ne aka kai maka. Ina so ne ka ga abin da za ka rasa ranar da ka sa hannu a takardar ciniki.

Noma ma ba ya rasa tasa masifar. A 2016 tsutsar tumatir ta share mana gonaki cikin 'yan kwanaki, muna ji muna gani. Wata shekarar kuma albarkar ce take zama asara: a kai kwanduna Kwanar Gafan, kaya su yi yawa, masu saye su taya abin da bai biya kuɗin kwando da mota ba, mutum ya zubar a bakin titi ya dawo gida. Taki ya yi tsada, maganin feshi ya yi tsada. A irin waɗannan shekaru kuɗin da kake turowa daga birni ne ya tsayar da mu. To ka gani, gida biyu maganin gobara. Kai kana da biyun, me zai sa ka rushe ɗaya don ka ƙara wa ɗayan ɗaki?

Tun asali ma haka Kano take da ƙauyukanta. Kakanka yakan ba mu labarin yadda mutanen karkarar da ke kewaye da ganuwa suke kora jakuna da itace da hatsi zuwa cikin birni, su dawo da mangaloli cike da taki da toka a zuba a gona. Yau manyan motoci ne suke sauke kaya a Dawanau da 'Yan Kaba, amma hanyar ita ce dai ta da.

Akwai abin da ya fi duk wannan taɓa mini zuciya. Mutanen Zamfara da na wasu sassan Katsina da 'yan bindiga suka raba da garuruwansu, ka gan su a Kano, mu ma suna zuwa mana neman aikin yini. Na zauna da wani dattijo a cikinsu a gindin mangwaron gonarmu, muna cin ɗan abin da aka kawo. Ya ɗebi ƙasa a tafin hannu yana murzawa, ya ce da shi ma yana da irin wannan, kuma ba ya cin hatsin saye. Bai ƙara komai ba, ni ma ban iya cewa komai ba. Shi da ƙarfi aka raba shi da tasa. Mu Allah Ya bar mana tamu cikin zaman lafiya, ba na so mu rabu da ita da hannunmu.

Maganar ɗauke mu kuwa, ka yi haƙuri. A nan idan ban fito sallar asuba ba, kafin hantsi an yi sallama a ƙofar gida ana tambayar lafiya. Mahaifiyarka tana da maƙwabtanta da suka yi aure tare, suka yi goyo tare, kuma ba a suna ko biki a unguwar nan ba da ita ba. Iyayena a maƙabartar garin nan suke. Idan ka kai mu gidan da ke da katanga da ƙofar ƙarfe, ka fita aiki tun safe, da wa za mu wuni? In ciwo ya zo, za mu zo, mu zauna wurinka har a sallame mu. Ka tanadar mana ɗaki don wannan, ya wadatar.

Filin da kake so, a nema ta wata hanya. Ka bar wa ƙanenka gonar ya noma, ku yi yarjejeniya a gabana kan rabon amfani, kasonka a riƙa sayarwa ana tarawa, ka haɗa da adashin da kake yi a wurin aiki. Zai ɗauki lokaci, amma za a kai. Jingina kam ban yarda ba, na sha ganin inda take ƙarewa. Idan kuma lokacin saye ya yi, ka yi hattara da filayen awon igiya da dillalan da ke sayar wa mutum biyu fili ɗaya. Tun dokar ƙasa ta 1978 filin birni a hannun gwamna yake, saboda haka ka je ma'aikatar ƙasa da kanka ka tabbatar da takardu kafin ka biya ko sisi, kada ka yi gini a zo a sa masa jan fenti.

Yaran nan kuma ka riƙa turo su hutu. Zuwansu na bara, babban ya tsaya yana kallon shinkafa a gona ya tambaye ni ko ciyawar shanu ce. Laifin ba nasa ba ne, ba a nuna masa ba. Ina so su san 'yan'uwansu, su san iyakar gonar ubansu, su san wanda za su gaisar da wanda za su durƙusa wa.

Ka zo bayan an yanke shinkafa, mu zauna da ƙannenka mu ƙarasa maganar baki da baki. Mahaifiyarka tana gaishe ka da mai ɗakinka, ta ce in tuna maka maganin hawan jininta ya kusa ƙarewa, ka ba direban da ya saba kawowa.

Allah Ya yi muku albarka, Ya tsare ku.

Wassalam,
Mahaifinka.