Manhajojin Bashi da Haƙƙin Mutumin da Bai Ci Bashin Kowa Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida domin in yi tsokaci a kan manhajojin waya masu bayar da bashi nan take, da yadda suke wasa da sirrin jama'a. An sha yin magana a kan kuɗin ruwan da suke laftawa, malamai kuma sun yi bayanin hukuncin riba a masallatai da gidajen rediyo, saboda haka ba wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Wanda nake so a duba lamarinsa shi ne mutumin da bai sauke manhaja ba, bai karɓi ko kwabo ba, bai sa hannu a kan komai ba, amma sunansa da lambarsa suka faɗa hannun kamfani don kawai wani ya ajiye su a wayarsa.

Yadda abin yake faruwa shi ne, mutum yana cikin matsi, ko na kuɗin asibiti ko na makarantar yara, sai ya ga talla a Facebook cewa za a ba shi rance cikin 'yan mintoci, babu jingina kuma babu mai tsaya masa. Idan ya sauke manhajar, za ta nemi lambar BVN da hoton fuskarsa da lambar asusunsa na banki, sannan ta nemi izinin shiga jerin lambobin da ke wayarsa da saƙonninsa da hotunansa, in kuwa ya ƙi ba za ta bari ya wuce ba. Yana danna amincewa ake kwashe lambobin nan kaf zuwa rumbun kamfanin. Wannan jerin lambobi shi ne jinginar da aka ce babu ita, domin kamfanin ya san ba zai ɓata lokacinsa a kotu kan naira dubu ashirin ba, abin da ya riƙe a hannu shi ne mutuncin wanda ya ranta wa a idon danginsa da abokan hulɗarsa.

Na ga wannan da idona a kan wani tela a unguwarmu. Ya karɓi ɗan rance domin sayen kayan aiki, mai kayan da ya ɗinka wa bai biya shi a kan lokaci ba, wa'adi ya wuce da 'yan kwanaki. Sai saƙonni suka fara shigowa wayoyin mutane ɗauke da hotonsa, ana cewa ɗan damfara ne, kowa ya yi hattara da shi. Ni ma na samu nawa, har da ƙarin cewa wai ni na tsaya masa, alhali ban ma san ya ci bashin ba. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne surukinsa, dattijon da ba ya karanta Turanci, wanda ya ɗauki wayarsa ya kai wa yaron da ke cajin waya a bakin titi domin ya karanta masa, yaron kuwa ya karanta ya fassara da ƙarfi a gaban duk wanda ke zaune a kan bencin. Telan ya biya kuɗin, amma ya daɗe bai iya zama a majalisar da ya saba zama ba, wasu masu kawo masa ɗinki kuma suka sauya shago.

Na san akwai masu cewa ai shi ya jawo wa kansa, wanda ya ci bashi ya biya. Gaskiya ne biyan bashi wajibi ne, kuma akwai masu karɓa da niyyar cinyewa. Sai dai Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma muna da hanyoyin karɓarsa tun kafin zuwan waya: a tura babba ya yi magana, a kai ƙara wurin mai unguwa, in abin ya faskara a je gaban alƙali. A cikinsu babu inda aka yarda a yi wa mutum ƙazafin sata, balle a riƙa buga wa wanda bai san hawa ba bai san sauka ba ana tsoratar da shi.

Doka ma ba ta yarda ba. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba ɗan ƙasa kariya a kan sirrinsa da gidansa da wasiƙunsa da maganganunsa na waya. A watan Agustan 2021 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa, wato NITDA, ta ci tarar kamfanin Soko Lending naira miliyan 10 saboda aika saƙonni ga mutanen da ke cikin wayoyin waɗanda yake bi bashi. A watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu daga cikin waɗannan kamfanoni a Legas, daga baya a shekarar ta wajabta musu yin rajista. Kamfanin Google ma ya hana manhajojin bashi da ke rumbunsa shiga lambobi da hotunan mutane daga ƙarshen watan Mayun 2023. A watan Yunin 2023 kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokar kare bayanai, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC. Dokar ta ɗora wa kamfani nauyin tabbatar da cewa mai bayanai ya amince da yardarsa, ta ba mutum damar janye amincewarsa da neman a goge bayanansa, da kuma damar kai ƙara. To, ni da surukin telan nan, yaushe aka nemi amincewarmu? Wanda ya ci bashi ba shi da hurumin amincewa a madadin ɗaruruwan mutanen da ke cikin wayarsa.

Duk da waɗannan matakai abin bai daina ba, kuma dalilin a fili yake. Manhajar da aka cire daga rumbun Google takan sauya suna ta dawo, ko kuma a riƙa tura mahaɗinta kai tsaye ta WhatsApp da saƙon tes, inda ƙa'idar Google ba ta da iko. Amma ban yarda cewa masu yin hakan sun fi ƙarfin hukuma ba. Tun watan Disambar 2020 aka tilasta mana haɗa layukanmu da lambar NIN, mutane suka sha rana a dogayen layuka, aka toshe wa miliyoyi kira, duk da hujjar cewa ta haka za a gane masu laifi. Kowane layin da ake kiran mutane da shi ana zaginsu yana da NIN ke nan, kowane asusun da ake karɓar biyan bashin da shi kuma akwai wanda ya buɗe shi a banki. Idan talaka ya miƙa zanen yatsunsa da hotonsa domin tsaro, haƙƙinsa ne wannan tsaron ya yi masa aiki a ranar da aka ci masa mutunci. Hukumar FCCPC ɗin da ta ci tarar kamfanin Meta, mamallakin Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220 a watan Yulin 2024 ta nuna cewa in ta so tana da haƙori.

Akwai kuma matsalar harshe, wadda ta fi shafar mu a Arewa. Sharuɗɗan manhajojin da Turanci suke, dokar da Turanci take, hanyoyin kai ƙorafi kuma galibi ta intanet ne ko imel. Mai shayi ko 'yar kasuwar da aka turo wa saƙon cin zarafi ba ta san akwai hukumar da za ta saurare ta ba, balle ta san sunanta. Ya kamata NDPC da FCCPC su samar da lambar waya da za a kira a yi bayani da Hausa, su kuma riƙa sanarwa a gidajen rediyon Kano da Kaduna da Sakkwato da Katsina kamar yadda ake yi lokacin rigakafi ko rajistar zaɓe.

Mu ma jama'a muna taimaka wa kamfanonin ba tare da mun lura ba. Wanda ya samu irin wannan saƙo ya ɗauki hotonsa ya jefa a zauren WhatsApp na dangi ko na tsofaffin ɗalibai, yana tambayar ko gaskiya ne, ya ƙarasa musu aikin da suke so kyauta. Abin da ya dace shi ne a adana saƙon da lambar da ta turo shi a matsayin shaida, a sanar da mai abin a keɓe, a kuma kai ƙara. Mai neman rance kuma ya duba jerin kamfanonin da FCCPC ta amince da su a shafinta, ya guji duk manhajar da aka turo masa ta mahaɗi, ko wadda ta nemi shiga lambobin wayarsa.

Roƙona gare ku, Edita, shi ne ku tura wakilinku ofisoshin hukumomin NDPC da FCCPC ya tambaye su ƙorafi nawa suka karɓa daga jihohin Arewa a kan manhajojin bashi, nawa suka kammala, kamfani nawa aka hukunta, kuma ko an taɓa biyan wani diyya. Ku buga amsar da Hausa, tare da adireshin ofishin da mutum zai iya zuwa da ƙafarsa ya shigar da ƙara.

Na gode.

Mai karatunku,
daga Zariya, Jihar Kaduna