Saƙo ga ɗalibanmu 'yan Daura da ke Turai kan lissafin kwana 90

Assalamu alaikum 'yan uwa, ya karatu ya sanyi? Iyaye a nan gida suna gaishe ku, kullum kuna cikin addu'a.

Hutu ya matso, mun ji ƙannenmu na ta shirin zumunci, wannan zai leƙa abokinshi a Faransa, wancan Beljiyam, toh dan Allah ku tsaya ku gane abin nan kafin a yanki tikiti. Katin zaman da Jamus ko Hungary ta ba ka na karatu, a ƙasar da ta ba ka shi kawai kake ɗan gida, sauran ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai da suka buɗe boda a tsakaninsu, baƙo ne kai, kwana 90 kake da shi cikin kowane kwana 180, kuma haɗawa ake yi gaba ɗaya ba wai kowace ƙasa da nata 90 ɗin ba, in ka yi wata ɗaya a Italiya ka yi biyu a Holan shikenan ka cinye rabonka. Ranar shiga da ranar fita duk ana ƙirga su, 180 ɗin kuma baya ake waiwaya daga ranar da kake ciki. Zaman da kake yi a ƙasar karatunka ba ya cikin lissafi. Kuma ziyara ce, ba a yarda ka kama aiki a can ba.

Masu cewa ai ba boda ba mai dubawa, wallahi ana dubawa, 'yan sanda na shiga jirgin ƙasa da bas, ku riƙa tafiya da fasfo da katin tare.

Ingila da Ayalan ba sa cikin Shengen, na Ingila kuma bizar karatunku ba ta shigar da ku Faransa, sai kun nemi wata.

Abin da ya fi damunmu shi ne masu son zuwa gida Sallah ko Gani alhali kati ya kusa ƙarewa. In kana jiran sabuntawa, takardar wucin gadi da aka ba ka ba kowace iri ce ke dawo da mutum ba, a Jamus ma kala-kala ce, ka je ofishin baƙi ka tambaya baki da baki ko taka na ba da damar fita da dawowa, kar ka zo ka sha hawan Sallah a ƙofar fada sannan a tare ka a filin jirgi, kuɗin da mahaifinka ya sayar da gona ya tara su tafi a banza. Na Jamus kuma ku sani in kun wuce wata 6 a waje ba da izini ba katin na mutuwa.

Wanda lissafin ya rikice mashi ya turo ma sakatare kwanakin tafiyarshi a duba tare.