Godiya ga shagon kifin ado da ya hana ni sayen babban famfo

Assalamu alaikum.

Zuwa ga mai shagon kifin ado da ke Sabon Gari a Kano, da yaransa biyu, musamman ƙaramin da ya biyo ni gida da tef ɗin awo a aljihu.

Na ga ya dace in yi muku wannan godiya a bainar jama'a, domin na shigo shagonku da kuɗin babban famfo, kuka sallame ni da ƙarami, ga kuma canjina a hannu. Shekaruna sun ja, ban cika ganin irin wannan a kasuwa ba.

Ga wanda bai san harkar ba, akwatin kifina na gilashi tsawonsa santimita 180 ne, faɗi 60, tsayi 60, wato yana cin ruwa wajen lita 650. A ƙarƙashinsa cikin kabad akwai ƙaramin tanki. Ruwa na gangarowa cikinsa ta bututu, ya ratsa soso da duwatsun tacewa, sannan famfo ya sake tura shi sama. To wannan famfon ne ya ƙone mini wata ranar Juma'a da aka kawo wuta da ƙarfi. Ni kuwa na ƙudurta cewa wannan karon mai tura lita 10,000 a awa zan saya, a huta.

Da na nuna shi a kan kanta, sai maigidan ya ce, "Alhaji, bututun da ke sauko da ruwa inci nawa ne?" Na yi shiru. Ya ce, "Daga tankin ƙasa zuwa bakin akwatin fa, mita nawa?" Nan ma shiru. Ya yi murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe, in na sayar maka da wannan, gobe da safe kafet ɗin Hajiya za ku shanya." Gaskiya raina ya ɗan sosu, na ɗauka raini ne. Amma na yarda yaronsa ya bi ni.

Yaron ya auna, ya samu mita ɗaya da rabi ruwan ke hawa, ga lanƙwasa uku a bututun. Shi ne ya fahimtar da ni cewa lambar da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a gaban kwali ƙarfin famfon ne idan ba ya hawa da ruwa ko'ina. Da zarar ya fara hawa, sai ƙarfin ya dinga raguwa, kowace lanƙwasa kuma da nata rabon da take ci. Ainihin bayanin yana bayan kwali, a wani ɗan zane da ban taɓa kallo ba. Ya ce ya wadatar ruwan akwatin ya zaga ta tankin ƙasa sau uku zuwa biyar a awa. Muka ɗauki huɗu, lissafi ya ba mu wajen lita 2,600. Mai lita 4,000 a kwali shi ne ke ba da kusan hakan a wannan tsayi.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne maganar bututun saukowa. Nawa inci ɗaya ne, ba inji ke tura ruwa a cikinsa ba, nauyinsa ne kawai ke sauko da shi, don haka yana da iyakar abin da zai iya haɗiyewa. In famfo ya fi ƙarfinsa, sama ta tumbatsa, ƙasa ta ƙafe, famfon ya ci gaba da juyawa ba ruwa har ya ƙone. Ga kuma zafi. Famfon a cikin ruwa yake zaune, wutar da ya sha kuma a ruwan take komawa ɗumi. Duk wanda ya san Kano a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura maki 40, ya san kifin da ke son maki 25 zuwa 27 ba ya bukatar ƙari. Babban yana cin wat wajen 80, wanda kuka ba ni 30 da 'yan kai, har batirin inbata yana kai shi asuba.

Da ya gama haɗawa, sai ya tara bokitin fenti mai lita 20 a bakin bututun saukowa, ya ce in duba agogo. Daƙiƙa 28 ya cika. Lissafi ya fita.

Daga nan ya ce, "Baba, bari mu zama NEPA," ya zare filogi. Ruwa ya fara komawa baya ta bututun turawa, muna kallo tankin ƙasa na cika har ya kai baki. Ashe kowace santimita ɗaya ta saman akwatina kusan lita 11 ce, bakin bututun kuma ya nutse santimita biyar. Sai a ranar na gane dalilin da ya sa nake tarar da ƙasan kabad a jiƙe duk sanda aka ɗauke wuta, ni ina can ina zargin gilashi da yoyo, har na taɓa yi wa wanda ya haɗa shi faɗa a banza. Yaron ya huda wata 'yar ƙofa a bututun, dab da ƙasan saman ruwa, don iska ta shiga ta katse zuƙar. Ya kuma ja layi da maka a jikin tankin, ya ce kar ruwa ya wuce nan in ina ƙari. Na ce ko mu sa bawul mai hana komawa baya? Ya ce a sa in ina so, amma kar in dogara da shi, ɗan datti ko dodon koɗi ɗaya ya isa ya hana shi rufewa.

Ƙorafina ɗaya, shagonku ba wurin zama. Ku taimaki dattawa da benci.

Yau wata huɗu ke nan. Falo ba ƙara, kabad a bushe, Hajiya ta daina harara ta. Allah ya yi wa kasuwa albarka, ya raya wannan yaro, ya nuna mana ranar da zai buɗe nasa shagon. Ina nan tafe ranar Asabar, ku ajiye mini soson tacewa guda biyu.

Naku,
Wani abokin cinikinku daga Tarauni