Wasiƙa zuwa ga Malam Habibu kan injin iska da ƙarin sola

Assalamu alaikum Malam Habibu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya da iyali, ya sanyin Ingila? Na ga saƙonka kan injin iska mai samar da wutar lantarki da kake son ɗorawa a rufin gidan Hajiya da ke Gwammaja. Shawarata a taƙaice: bar shi, ƙara fanel.

Wat 1000 da ake rubutawa a kwalin injin nan, sai iska ta kai gudun mita 11 ko 12 a daƙiƙa yake bayar da shi. Kuma in gudun iska ya ragu da rabi, wutar ba rabi take komawa ba, kashi ɗaya cikin takwas take komawa. A mita 4 a daƙiƙa, abin da za ka samu bai kai wat 50 ba. Ƙasa da mita 3 kuwa, sai dai fukafukan su yi ta juyi a banza. Waɗanda kake gani a can, a fili ko a teku aka kafa su, kan dogayen turaku. Ƙa'idar ita ce injin ya ɗara duk abin da ke kusa da shi, har nisan mita 150, da tsayin mita 9. Ina za a samu haka a Gwammaja, ga benaye ga tankunan ruwa? Iskar da ke kan rufi hargitsattsiya ce, tana cinye boris, wato ƙarfen da fukafukan ke juyawa a kai, girgizar kuma ta bi katako ta sassauta ƙusoshin kwano, damina ta zo a fara yoyo. Ga ƙara da dare, Hajiya ba za ta gode maka ba. Sannan yana buƙatar kwanturolarsa daban, da abin da zai shanye rarar wuta in batir ya cika, in ba haka ba guguwar farkon damina ta ƙona shi.

Rana kuwa ba ma rasa ta. Fanel biyu masu wat 550 za su ba da sama da yunit 4 a yini. Amma kafin a saya, a duba iyakar bolt ɗin da inbata ke karɓa daga fanel, domin kowane yana kai wajen bolt 50, kuma da sanyin safiyar hunturu yana ƙaruwa. Kada a jera sabo da tsohon ƙarami a layi ɗaya, ƙaramin zai ja babban ƙasa. A fuskantar da su kudu, a karkata kamar digiri 12, a sa waya mai kauri 6mm² da bireka ta DC. Lokacin hazo a riƙa wanke su duk mako, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi.

In kuwa matsalar ita ce wuta na ɗaukewa da tsakar dare alhali batir na cika kafin azahar, to batir za a ƙara, ba fanel ba. Ka sa a turo min hoton takardar da ke manne a jikin inbatar, in lissafa maka.

A gaida Maman Ummi da yara.

Naka,
Nasiru